Hannun Dama a Jitar Kilasika: Yadda Ake Samun Sauri Sauti Bai Lalace Ba

Na daɗe ina ɗora wa hannun hagu laifi duk lokacin da kiɗa ya kuɓuce mini a wurin gudu. Sai ranar da na jingina waya a kan tebur na ɗauki bidiyon kaina ina kaɗawa. Hannun hagu yana aikinsa lafiya lau. Na dama kuwa, kowane bugu sai ya yi tsalle kamar wanda ya taɓa wuta, ƙaramin yatsa ya miƙe ƙyam, kafaɗa ta haura har ta kusa taɓa kunne. A ranar na gane cewa abin da ke hana ni sauri yana faruwa ne bayan bugu, a ɗan lokacin da ya kamata yatsa ya saki jiki ya koma mazauninsa. Duk abin da ke cikin wannan jagora a kan wannan ɗan lokacin ya ginu.

A jitar kilasika, wato jita mai tsirkiyar nailan, yatsu huɗu ne ke kaɗawa, kuma a takardun kiɗa ana rubuta su da haruffan farko na sunayensu a harshen Sifaniya: p babban yatsa, i manuni, m na tsakiya, a yatsan zobe. Ƙaramin yatsa ba ya bugu, amma ka sa masa ido, domin shi ke fara tona asirin hannu idan ya ƙage. Tsirkiya ta 1 ita ce mafi siranta, ta 6 mafi kauri.

Fara da zama

Zauna a gaban kujera marar hannu, jitar a kan cinyar hagu, ƙafar hagu a kan ɗan matashi ko abin ɗagawa, wuyan jitar ya kalli sama har kanta ya kai kusan tsayin idonka. Saki hannun dama ya rataya a gefenka kamar ba naka ba. Dubi yadda yatsun suka ɗan lanƙwashe da kansu. Wannan siffar za ka ɗauko yadda take ka kawo gaban tsirkiyoyi. Hannu ya jingina a gefen jitar a wani wuri tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, nauyinsa kaɗai ya riƙe shi. Wuyan hannu ya miƙe daidai da sauran hannun, ya ɗan ɗago daga fuskar jitar yadda yatsu uku ko huɗu na hagu za su shiga ƙarƙashinsa. Babban yatsa ya ɗan wuce sauran ta wajen wuyan jitar, don kada su riƙa karo da manuni. Ka ajiye madubi a gabanka na mako biyu na farko, zai nuna maka abin da ba ka ji.

Farce

An daɗe ana gardama a kan farce. Fernando Sor, wanda littafinsa na koyar da jita ya fito a 1830, da naman yatsa yake kaɗawa. Abokinsa Dionisio Aguado da farce yake yi, kuma bambancin bai hana su zumunci a Paris ba. Francisco Tárrega ma, shahararren makaɗin jita ɗan Sifaniya, a ƙarshen rayuwarsa ya yanke nasa. A yau yawancin makaɗa suna haɗa biyun: tsirkiya ta fara taɓa nama a daidai inda ya haɗu da farce, sannan ta zame ta kan farcen ta fita.

Idan ka juyo tafin hannunka ka kalla, farcen ya leƙo da milimita ɗaya zuwa biyu, ya isa. Fiye da haka yakan kama tsirkiya kamar ƙugiya, kuma kowace kamawa jinkiri ce. A goge shi ya yi gangara mai laushi ta gefen da ke fara haɗuwa da tsirkiya, wato gefen da ke kallon babban yatsa, sannan a bi bakinsa da samfefa mai laushi sosai har ya yi santsi kamar gilashi. Gwaji mai sauƙi: ja bakin farcen a kan kyalle mai laushi. In ya kama zare, zai kama tsirkiya. Na taɓa ɓata kwana goma ina faɗa da wani sauti mai ƙaiƙayi a yatsan zobe, ina sauya zaman hannu, ashe wani ɗan tsini ne a kusurwar farcen wanda minti ɗaya na gugar samfefa ya kawar.

Bugu ɗaya tak

A nan zan daɗe, domin wanda ya gyara bugu ɗaya ya gyara dubu.

Ɗora p a kan tsirkiya ta 5 ya huta, don hannu ya sami madogara. Ɗora m a kan tsirkiya ta 2. Bugun yana da sassa uku. Na farko ɗorawa: yatsa ya zauna a tsirkiya, nama da farce suna taɓa ta tare. Na biyu turawa: motsi ya taso daga babbar gaɓar da ta haɗa yatsa da tafin hannu, yatsan ya ɗan danna tsirkiyar zuwa cikin jita ya wuce ta, ya nufi cikin tafin hannu, kamar mai kiran yaro da hannu. Na uku saki: da zarar tsirkiya ta fita, ka cire duk ƙarfin da ka sa. Yatsan zai dawo gaban tsirkiya da kansa, ba sai ka jawo shi ba.

Dalilin danna tsirkiya ciki shi ne, fuskar jita ta fi amsawa idan tsirkiya tana rawa tana nufo ta tana komawa. Wanda ya ƙwaƙulo tsirkiya ya fizgo ta waje yakan sami siririn sauti, wani lokaci har ta dawo ta mari ƙarafunan wuyan jitar. Fizgar nan ce kuma take sa hannu gaba ɗaya ya riƙa tsalle.

Sashe na uku shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa. Tsokar da ke lanƙwasa yatsa daban, wadda ke miƙe shi daban. Idan ta farko ba ta saki ba ta biyu ta fara ja, sai su shiga kokawa, kuma wannan kokawar ce kake ji a matsayin nauyi da gajiya a hannu. A hankali ba ta damun kowa. Da an ƙara gudu sai ta zama bango.

Don haka ka yi haka: buga sau ɗaya, motsin kansa ya zama mai kaifi kamar ƙiftawar ido, sannan ka tsaya daƙiƙa biyu ko uku kana sauraron hannunka. Yatsan ya dawo? Ƙaramin yatsa a sake yake? Kafaɗa ta sauka? Numfashi yana tafiya? Sai ka sake. Sau goma da i, goma da m, goma da a. Abin da ake ce wa atisaye a hankali ke nan a wurina: tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ce ke da tsawo, bugun kansa mai sauri ne tun ranar farko. Wanda yake jan yatsa sannu-sannu cikin tsirkiya kamar mai tafiya a laka, jinkiri yake koya wa hannunsa.

Bugu iri biyu ne. Akwai na jingina, wanda Sifaniyawa ke kira apoyando, inda yatsa ke wuce tsirkiyarsa ya faɗa kan ta kusa ya tsaya. Sautinsa cikakke ne, ana son sa wajen fito da amon waƙa. Akwai na saki, tirando, inda yatsa ke wucewa ta saman tsirkiyar kusa bai taɓa ta ba, kuma shi ne mafi yawan abin da za ka yi a rayuwarka ta jita. Ka yi atisayen da duka biyun, ka nemi sautin na saki ya matso kusa da na jingina a kauri, hannu bai sauya zama sosai tsakaninsu ba.

Tafiyar yatsu biyu

Yanzu i da m su riƙa karɓa-karɓa a tsirkiya ɗaya, kamar ƙafafu biyu a tafiya. Dokar ɗaya ce: yatsa ɗaya ba ya bugu sau biyu a jere. Lokacin da i ke shiga, m yana fitowa, a lokaci guda. Kunna metironom, wato na'urar da ke ƙirga bugu, a kan 60. Sauti ɗaya a kowane ƙas, sai biyu, sai huɗu.

Ga dabarar da ta fi yi mini amfani a wannan mataki. Da zarar i ya buga, m ya sauka kan tsirkiyar nan take ya kashe sautin, ya zauna yana jiran lokacinsa. Sautin zai fito a gutsure, tik, tik, tik, ba daɗin ji, amma yana koya wa kowane yatsa ya isa wurin aikinsa tun kafin a kira shi. Bayan minti biyu sai ka bar sautin ya yi tsawo, ka ji yadda yatsun suka tsaya kusa da tsirkiya ba sa yin nisa.

Daga nan sai ƙetare tsirkiya. Sauti huɗu a ta 1, huɗu a ta 2, har ta 6, ka dawo. Hannu gaba ɗaya ke tafiya daga gwiwa, don kusurwar da yatsa ke haɗuwa da tsirkiya ta zama iri ɗaya ko'ina. Kada ka bar hannu a wuri ɗaya kana miƙa yatsu suna lalube. Sai ka koma sauti uku a kowace tsirkiya. Nan ne za ka ji ƙetare iri biyu: wani yana zuwa da sauƙi saboda m ya fi tsawo kuma tsirkiyar da ake nufa tana wajensa, wani kuma yana zuwa a karkace. Na karkacen shi za ka ware ka yi ta maimaitawa, sauti biyu kacal, har ya daina ba ka tsoro. A bugun jingina akwai wata muguwar ɗabi'a, ta jan yatsan da ya riga ya jingina a tsirkiya ya sake buga ta. Ana yinta da gangan a wasu wurare, amma mai koyo ya fara mallakar karɓa-karɓa tsantsa.

Andrés Segovia, babban makaɗin jita ɗan Sifaniya, a ɗan littafinsa na hawa da saukar sautuka da aka buga a 1953, ya sa a bi su da haɗin yatsu daban-daban: i-m, m-i, m-a, a-m, i-a, a-i, da i-m-a-m. Mutane sukan tsaya a na farko don shi ne mai daɗi. Wanda ya fi wuya, m-a, shi ya fi biya. Jijiyoyin da ke miƙe yatsan zobe suna haɗe da na maƙwabtansa a bayan hannu, shi ya sa ba ya ɗagowa shi kaɗai yadda manuni ke yi. Halitta ce, ba za ka sauya ta ba. Bar ƙaramin yatsa ya riƙa bin yatsan zobe duk inda ya je, kada ka ƙage shi wuri ɗaya. Minti uku na m-a kullum, za ka ji i-m ma ya ƙara sauƙi.

Lissafin sauri

Sauti huɗu a kowane ƙas a kan 60 yana nufin sauti huɗu a daƙiƙa. A kan 120, takwas ne a daƙiƙa, kowane yatsa cikin biyun yana zuwa ya dawo sau huɗu. In ka duba haka za ka ga babu sararin ɓata ko da ɗan motsi.

Hanyar da kowa ya sani ita ce ƙara metironom kaɗan-kaɗan, huɗu-huɗu, bayan ka yi abin sau uku a jere ba kuskure. Tana aiki, amma tana da iyaka. Akwai lambar da za ka kai ka tsaya cak, mako ya wuce, wata ya wuce. Yawanci abin da ya faru shi ne ka hau da motsin da ya dace da tafiya, alhali gudu wani motsi ne daban, ƙarami kuma mara nauyi. Idan ka dage kana tura lambar da ƙarfi, hannu zai ƙage, ka koya masa ƙagewar. A nan ne sauri ke haifar nawa.

Mafita ita ce gajeren gudu. Sa metironom a kan lambar da ta fi ƙarfinka da kamar 20. Buga sauti a hankali, ɗaya a kowane ƙas, sau uku, sannan ka harba sauti biyu masu sauri ka sauka a kan ƙas na gaba, ka saki hannu gaba ɗaya. Sauti uku ke nan a dunƙule, kamar kalma ɗaya. Kada ka ƙirga su ɗaya-ɗaya a kai, ka yi nufin na ƙarshen kawai, sauran su zubo a hanya. Idan ya zauna, ka mayar da su biyar, wato huɗu da na sauka. Sai tara. Sai goma sha uku. Hannu yana iya gudun da ya fi ƙarfinsa na ɗan lokaci kafin ƙagewa ta riske shi, kuma aikinka shi ne ka tsaya kafin ta iso, ka huta, ka sake. Sannu a hankali wannan ɗan lokacin yana tsawo.

Abu biyu ke taimaka wa wannan. Ɗaya, kaɗa layin da tsawo-gajere, tsawo-gajere, sannan ka juya shi gajere-tsawo, don kowane haɗin sauti biyu ya sami rabonsa na sauri. Biyu, ka buga uku-uku da yatsu biyu kana ƙarfafa na farkon kowane uku, yadda ƙarfin zai riƙa faɗawa kan i yanzu, kan m anjima. Yatsan da ke laɓewa bayan ɗan'uwansa a nan ake kama shi.

Kuma ka rage ƙara idan kana neman sabon gudu. Sauri da ƙarfin sauti ba sa zuwa rana ɗaya. Fara da raɗa, ƙarfi zai biyo baya.

Arfejiyo

Arfejiyo shi ne warware haɗin sautuka ɗaya bayan ɗaya, kowane yatsa da tsirkiyarsa: i a ta 3, m a ta 2, a a ta 1, p yana kula da uku masu kauri. Mauro Giuliani, ɗan Italiya da ya yi suna a Biyana, babban birnin Austriya, ya buga atisaye 120 na hannun dama a 1812, dukkansu a kan haɗi biyu kacal, C da G7, don hankali ya tattara a dama. Fiye da shekara 200 ke nan ba a daina amfani da su ba. Kada ka ce sai ka bi su duka a zama ɗaya. Uku ko huɗu a mako sun isa.

Idan tsarin yana hawa, p-i-m-a, ka ɗora yatsun duka a tsirkiyoyinsu lokaci guda, sannan su tashi ɗaya bayan ɗaya, lokacin da yatsan zobe ke bugawa p ya riga ya koma. Idan yana sauka, p-a-m-i, kowane yatsa ya sauka a daidai lokacin da na gabansa ke bugawa. Tura wani ɗan kyalle ƙarƙashin tsirkiyoyin kusa da maɗaurinsu ya kashe amon. Sai ƙas-ƙas kawai ya rage, kuma a nan kunne ba ya ruɗuwa da daɗin sauti, duk inda tazara ta karkace za ka ji ta fili. Wanda ya yi nisa ya gwada atisaye na 1 cikin goma sha biyun da Heitor Villa-Lobos na Birazil ya rubuta wa Segovia. Tsarin dama kusan ɗaya ne daga farko har kusan ƙarshe, hagu ke sauyawa, don haka za ka iya koyon tsarin a tsirkiyoyi a buɗe kafin ka taɓa wuyan jitar.

Babban yatsa yana motsi ne daga tushensa can kusa da wuyan hannu. In ya riƙa jan hannu ƙasa duk lokacin da ya buga, sauran yatsun sun rasa wurinsu ke nan. Duba madubi.

Tiremolo

Wannan shi ne abin da ke jawo mutane da yawa zuwa jitar kilasika: p ya buga sauti mai kauri, sai a, m, i su bi a tsirkiya ɗaya, da saurin da kunne zai ji kamar dogon sauti guda yana rawa. Shahararren misalinsa shi ne Recuerdos de la Alhambra na Tárrega. Cutarsa ɗaya ce, sukuwa: yatsu ukun su dunƙule su zubo tare, a bar rami kafin p ko bayansa, sai abin ya koma kamar gudun doki. Tiremolo mai matsakaicin gudu wanda tazararsa ta daidaita ya fi mai tsananin gudu da ke sukuwa daɗin ji nesa ba kusa ba.

Maganinta, ka sa yatsu huɗun duka a tsirkiya ɗaya, har da p, ka nemi sauti huɗu masu tsawo ɗaya da ƙarfi ɗaya. Yi da gutsurewa kamar yadda ka yi a i-m. Sannan ka riƙa matsar da ƙarfi: zagaye huɗu a kan a, huɗu a kan m, huɗu a kan i. Ka sa ƙas na metironom ya faɗa kan m maimakon p, abin zai rikita ka da farko, kuma rikicewar ce ke nuna inda ramin yake. Yi atisayen a tsirkiya ta 2 fiye da ta 1, domin a ta 1 babu abin da ke tare yatsa in ya yi nisa, a ta 2 kuwa da ya buɗe da yawa zai taɓa maƙwabciya ka ji.

Rabon lokaci

Minti 25 zuwa 30 a rana sun wadatar wa hannun dama, in ana yi kullum. Ni nakan ba bugu ɗaya-ɗaya minti biyar, karɓa-karɓa da ƙetare tsirkiya bakwai, gajeren gudu biyar, sauran na raba tsakanin arfejiyo da tiremolo, ina saukar da hannu ya rataya na ɗan lokaci tsakanin kowane sashe. Sannan in ɗauko wuri ɗaya mai wuya daga kiɗan da nake koyo, in rubuta yatsan kowane sauti a kan takarda da fensir, in kaɗa shi da dama kaɗai a tsirkiyoyi a buɗe. Sau da yawa a nan nake gano cewa wurin da nake tuntuɓe kullum, yatsa ɗaya nake maimaitawa ban sani ba.

Gajiya mai sauƙi a tsoka ba komai ba ce. Zafi mai suka a wuyan hannu, ko jin yatsu sun yi sanyi suna tsitsitsi, ko wani yatsa ya fara naɗewa cikin tafin hannu da kansa ba ka sa shi ba, waɗannan dalilin ajiye jita ne a ga likita, ba a kaɗawa a kansu.

Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta lambar metironom da ka yi cikin sakin jiki, ban da wadda ka kai da ƙyar. Wata rana za ka tarar ta sauka da 8 ko 10 daga ta jiya, musamman in ba ka yi barci sosai ba ko farce ya ƙara tsawo. A irin wannan rana ka duba farcen tukuna, ka koma bugu ɗaya-ɗaya, ka bar gajeren gudu sai gobe.